Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya Na Jihar Jigawa Kan Maganin Sankarar Mama Ga Mata Masu Ƙuruciya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah Ya dafa maka a kan nauyin da aka ɗora maka, ina miƙa irin wannan gaisuwa ga shugabannin hukumar JICHMA mai kula da inshorar lafiya ta jiha da 'yan kwamitin lafiya na Majalisar Dokokin Jiha, domin maganar da ke tafe da ni ta shafe su kamar yadda ta shafe ka. Ni mai aikin harhaɗa magunguna ce, ina da ɗan kantin magani a wani garin kasuwa a ƙasar Hadejia, kuma ina rubuta wannan wasiƙa da yawun wasu iyalai na ƙauyukan da ke kewaye da mu, waɗanda sankarar mama ta kama musu 'ya, ko mata, ko ƙanwa, tun ba ta kai shekara 45 ba, ciwon kuma ya riga ya wuce nono ya shiga ƙashi, ko hanta, ko huhu. Su ne suke kawo mini takardun asibiti in karanta musu, su ne kuma suka nemi in fito fili in faɗi abin da nake faɗa musu a kanti. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, duk taron da aka yi a kan wannan cuta yakan ƙare ne a kan wayar da kai da koya wa mata duba nono, ita kuwa wadda ciwonta ya riga ya yi nisa ba a cika jin an ambace ta ba, sai ka ce an riga an sallama ta.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata sama da 32,000 ne aka samu da sankarar mama a Najeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu a sanadinta. Mafi yawan matanmu suna isa asibiti ne ciwon yana mataki na 3 ko na 4, kuma sun fi masu ciwon a Turai da Amurka ƙarancin shekaru da kimanin shekara 10. Ke nan wadda muke magana a kanta mace ce da ke ganin al'ada, sau da yawa da goyo a bayanta, wadda aka daɗe ana ce wa ƙullutun da take ji a nono ruwan nono ne ya daskare. Ba zan yi wa kowa alkawarin warkewa ba, domin sankarar da ta bazu a jiki ba a kawar da ita gaba ɗaya, rai da ajali kuma a hannun Allah suke. Amma akwai magunguna a yau da ke danne ta tsawon shekaru, mace tana gidanta tana kula da 'ya'yanta, kuma magungunan nan ba ƙarfinsu ɗaya ba, ba kuma kowace mace kowannensu yake yi wa aiki ba.

Kukanmu na farko shi ne ana fara magani ba tare da an san irin sankarar ba. Likitoci sun raba ta gida uku, gwargwadon abin da ke ciyar da ita. Akwai wadda ke girma da sinadarin mace, wato istirojin. Akwai wadda ke ɗauke da sinadarin HER2 fiye da kima, ita ce kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya daga cikinsu, wadda ta fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai. Ba a gane bambancin da ido ko da hoto, sai an ɗebo ɗan nama daga ƙarin an yi masa gwaji na musamman a ɗakin bincike. Ƙa'idar gwajin ita ce a tsoma naman cikin ruwan fomalin, sinadarin da ke hana nama lalacewa, kafin awa 1 da cire shi, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Na ga wani magidanci ya shigo kantina da kwalbar man shafawa a cikin leda, a ciki akwai naman da aka yanko daga nonon matar ƙaninsa a wani asibiti, an zuba masa ruwan gishirin da ake ƙara wa marasa lafiya, an ce ya kai Kano. Bai tafi ba sai da ranar kasuwa ta zagayo ya sayar da awaki biyu ya sami kuɗin mota da na gwaji. Naman da ya yi irin wannan zama yakan lalace, sakamakon ya fito yana cewa babu komai, alhali akwai. Macen da ƙwayar magani mai araha za ta riƙe ta sai a ɗora ta a kan kemo kaɗai, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara masu ƙarfi, gashinta ya zube, kuɗin gidan ya ƙare, ba tare da an taɓa ba ta abin da ya dace da ciwonta ba.

Kuka na biyu ya shafi mata masu ƙuruciya kai tsaye. Ga wadda sankararta ke cin istirojin, tsohon magani shi ne tamoxifen, yana da araha, yana kuma aiki ko mace tana al'ada. Akwai kuma letrozole da anastrozole, waɗanda ke hana jiki sarrafa istirojin a cikin kitse da tsoka, amma ba su da iko a kan ma'ajiyar ƙwayayen haihuwa, wadda ita ce babbar mafitar sinadarin a jikin macen da al'adarta ba ta ɗauke ba. Ba ta letrozole shi kaɗai daidai yake da manomin rani ya toshe ƙaramar magudana ya bar babbar hanyar ruwa a buɗe. Duk da haka, takardu suna zuwa hannuna an rubuta wa mai shekara 30 da 'yan kai letrozole babu komai tare da shi. Dole ne a fara kwantar da ma'ajiyar ƙwayayen, ko da allurar goserelin da ake yi a ƙarƙashin fatar ciki duk kwana 28, ko da ƙaramar tiyatar cire ta. Allurar tana da tsada, tana son a ajiye ta ƙasa da digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan haura 40, kuma duk watan da aka tsallake aikin ya koma baya. Tiyatar sau ɗaya ake yin ta, likitan mata na babban asibiti zai iya, sai dai babu komawa haihuwa bayanta. A ganina, ga macen da ciwonta ya bazu, wadda za ta ci gaba da shan magani muddin ranta, tiyatar ta fi dacewa da halin ƙauye, amma hukunci ne da ba a yanke wa mace shi a tsaye a bakin ƙofar likita. Ana bukatar a zaunar da ita da maigidanta a yi musu bayani da Hausa, domin na san wadda ta daina allurar a ɓoye da ta ga al'adarta ta ɗauke, tana tsoron surutun dangin miji da gorin kishiya. Haka nan dole a gaya musu cewa waɗannan magunguna suna cutar da ɗan tayi, ba a kuma shayarwa a kansu.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina, wato sababbin ƙwayoyi guda uku da ake haɗawa da magungunan da na ambata, waɗanda ke tsayar da rarrabuwar ƙwayoyin sankara ta hanyar toshe sinadaran CDK4 da CDK6. Su ne palbociclib, wanda aka amince da shi a Amurka a 2015, da ribociclib da abemaciclib, waɗanda suka biyo baya a 2017. Masu talla za su zo ofishinka kowa yana yabon nasa, don haka ya kamata a san abin da bincike ya nuna a kan kowanne. Dukkan ukun suna tsawaita lokacin da ciwon ke yi a kwance ba ya ƙaruwa, wani lokaci har ya kusa ninkawa, kuma ba a yi babban gwajin da ya gwada su da juna kai tsaye ba. Sai dai ribociclib ne aka yi wa babban gwaji a kan matan da al'adarsu ba ta ɗauke ba su kaɗai. A gwajin MONALEESA-7 an ɗauki mata 672, dukkansu ana yi musu allurar goserelin tare da ƙwayar hana istirojin aiki, aka ƙara wa rabinsu ribociclib. Waɗanda aka ƙara wa sun yi wata 23.8 ciwon bai motsa ba, sauran kuma wata 13. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna cewa bayan wata 42, kashi 70 cikin 100 na masu shan ribociclib suna raye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 46 ne. Da aka ci gaba da bibiyarsu, matsakaicin tsawon rai ya kama wata 58.7 a nan, wata 48 a can. Wani gwajin mai suna RIGHT Choice, shi ma a kan masu ƙuruciya waɗanda ciwonsu ke saurin ci ko ya kama kayan ciki, ya gwada ribociclib da kemo iri biyu a haɗe, ƙwayar ta riƙe ciwon kusan wata 22, kemo kuwa kusan wata 13. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin a irin wannan hali matanmu suka fi zuwa.

Shi palbociclib, a gwajin Young-PEARL da aka yi a Koriya ta Kudu a kan masu ƙuruciya, ya riƙe ciwon wata 20.1, ƙwayar kemo ta capecitabine kuma wata 14.4. Amma babban gwajinsa na PALOMA-2, wanda aka yi a kan matan da suka daina al'ada, bai nuna ƙarin tsawon rai da za a dogara da shi ba. Abemaciclib ya nuna ƙarin tsawon rai a gwajin MONARCH 2, wata 46.7 maimakon 37.3, sai dai a can an haɗa shi ne da allurar fulvestrant ga waɗanda maganin farko ya daina yi wa aiki, masu ƙuruciya kuma 'yan kaɗan ne a cikinsu.

Alƙaluma ba su ne ƙarshen magana ba ga wanda ya san ƙauye, domin kowane magani yana da abin da yake nema daga wurin da za a sha shi. Ribociclib ana shan sa mako 3 a huta mako 1, yana iya taɓa hanta, yana kuma iya jirkita bugun zuciya, shi ya sa ake yin gwajin bugun zuciya na ECG kafin a fara da kuma bayan mako 2, ba a kuma son a haɗa shi da tamoxifen. Magungunan da ake saya kullum a kemis, irin su chloroquine da quinine da clarithromycin, suna ƙara wannan haɗari, a ƙasar da duk wanda ya ji jikinsa ya yi zafi da damina sai ya aika yaro ya sayo maganin zazzaɓi. Abemaciclib ana shan sa safe da yamma babu hutu, kuma kimanin 8 cikin 10 na masu shan sa suna yin gudawa, wadda a garin da ruwan shansa na rijiya ne, asibiti kuma sai an hau babur an yi tafiya mai nisa, tana iya kayar da mace cikin kwana biyu. Palbociclib ya fi su sauƙin ɗauka, babbar matsalarsa ita ce rage fararen ƙwayoyin jini, abin da ribociclib ma yake yi, don haka ana duba jini duk mako 2 a watanni biyun farko, zazzaɓi kuma a jikin mai shan su magana ce ta gaggawa. Akwai kuma rifampicin na tarin fuka, wanda ke rage ƙarfin dukkan ukun a jini. Wani abin lura shi ne, mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma fararen ƙwayoyin jininsu a halitta sun ɗan gaza ma'aunin da aka ɗauko daga Turawa, ba tare da wata illa ba, likitan da bai yi la'akari da haka ba zai yi ta rage wa mace magani babu dalili.

Hukuncina, Ranka ya daɗe, shi ne idan jiha za ta sayi ɗaya daga cikin ukun domin mata masu ƙuruciya, ta sayi ribociclib, da sharaɗin akwai na'urar ECG da gwajin jini a kusa da mai shan sa. Palbociclib ya zama madadi ga mai ciwon zuciya ko hanta. Abemaciclib kuwa a bar shi a hannun ƙwararren likitan sankara ga wadda ya ga ya dace da ita. Sayen kowannensu kafin a samar da gwajin nama da hanyar kwantar da ma'ajiyar ƙwayaye asarar dukiyar jama'a ce.

Kuka na gaba na masu HER2 ne. Maganinsu trastuzumab yana nan tun 1998, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin jerin muhimman magunguna a 2015, a watan Disambar 2019 kuma ta tantance samfurinsa na farko mai rahusa da wani kamfani daban ya yi. Ana ba da shi duk mako 3, ana duba ƙarfin zuciya da hoto kimanin duk wata 3. Gwajin CLEOPATRA ya nuna cewa ƙara pertuzumab a kansa tare da maganin kemo na docetaxel ya ɗaga tsawon rai daga wata 40.8 zuwa 56.5, akwai kuma wasu sababbi da suka fi haka ƙarfi da tsada. Amma ba ni ganin hikima a sayo wa mata kaɗan mafi tsada alhali mafi yawa ba su sami trastuzumab ɗin ba. Abin da nake gani a yanzu shi ne iyali su kai bijimi kasuwar Gujungu ko Maigatari, su haɗa da kuɗin riɗin bana, su sayi kwalba biyu ko uku, daga nan sai shiru. Mafi muni, wasu suna sayowa daga hannun dillalai a farashin da ya yi araha fiye da kima, maganin da ke bukatar sanyin digiri 2 zuwa 8 an ɗauko shi a aljihun riga, ga shi kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan jabun magungunan sankara.

Ga waɗanda sankararsu ba ta cin istirojin, ba ta kuma ɗauke da HER2, kemo ne ginshiƙin maganinsu, ya kamata kuma ya zama ba ya yankewa. Wani bincike da aka yi a Ibadan a kan mata 1,136 masu sankarar mama, aka buga a 2018, ya gano kimanin kashi 11 cikin 100 suna ɗauke da gurɓataccen gadon BRCA1 ko BRCA2, wato ƙwayoyin halitta da ake gada waɗanda lalacewarsu ke ƙara haɗarin sankarar mama, kuma irinsu ne ƙwayar olaparib ke yi wa aiki. Amfaninta matsakaici ne, ta riƙe ciwon wata 7 maimakon wata 4.2 na kemo a gwajin OlympiAD, don haka ban sa ta a sahun gaba ba, ko da yake sanin gadon yana amfanar 'yan'uwan mace da 'ya'yanta.

Kuka na ƙarshe shi ne nisa. Asusun tallafin masu sankara na Gwamnatin Tarayya ya fara aiki a 2021 da asibitoci 6, mafi kusa da mu a cikinsu su ne na Zariya da Gombe. Shirin rangwamen magungunan kemo da aka ƙaddamar a 2019 ya haɗa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Waɗannan ƙofofi ne na alheri, amma matar da ke Guri ko Birniwa ko Kirikasamma ba ta san da su ba, idan ma ta sani, ita da mai rakiyarta sai sun yi ta kai gwauro suna kai mari saboda gwajin jinin da za a iya yi a Hadejia. Iyalin da ke rayuwa hannu baka hannu ƙwarya kuɗin mota ne yake fara karya su tun kafin kuɗin magani.

Saboda haka muna roƙon ma'aikatarka ta ba da umarni cewa duk babban asibitin da ke yanka nono ko ɗebo nama ya kasance yana da fomalin da kwalaben da suka dace, kuma motar gwamnati ce za ta kai naman ɗakin bincike a ranaku sanannu, a daina danƙa shi a hannun dangi. Muna roƙon a tabbatar cewa gwajin gane irin sankarar yana cikin abin da JICHMA ke biya, tare da tamoxifen, da letrozole, da allurar goserelin, da tiyatar cire ma'ajiyar ƙwayaye ga wadda ta zaɓe ta, kuma sakamakon ya dawo cikin kwana 60 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a shirinta na 2021 domin kammala binciken mai ƙullutu a nono.

Muna roƙon jiha ta sayi trastuzumab da ribociclib a dunƙule kai tsaye daga masu yin su ko wakilansu na halal, ta haɗa kai da Kano da sauran maƙwabta idan hakan zai karya farashi, ta kuma ware kuɗin kowace mace na shekara guda cur kafin a fara mata, domin magani na wata biyu da aka yanke ba ya amfanar kowa. Muna roƙon a samar da asibiti guda a kowace masarauta, Dutse da Hadejia da Gumel da Kazaure da Ringim, inda za a riƙa yin gwajin jini, da na hanta, da ECG, da allurar wata-wata, ƙarƙashin kulawar likitan sankara da zai riƙa duba sakamako ta waya yana kuma zuwa da kansa lokaci zuwa lokaci. A ba kowace mai shan waɗannan ƙwayoyi kati da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da sunan maganinta da waɗanda ba a haɗa shi da su, a kuma tara masu kemis na ƙananan hukumomi 27 a koya mana karanta shi.

Muna roƙon a naɗa ma'aikaciyar jinya mace a kowane ɗayan waɗannan asibitoci, wadda aikinta shi ne zama da mace da maigidanta, da cike musu takardun neman tallafin tarayya, da bin sawun wadda ta daina zuwa. A buɗe kuma rajistar da za ta riƙa rubuta shekarun kowace mace, da irin sankararta, da maganin da aka ba ta, da yadda ta kasance a kansa, domin manyan gwaje-gwajen da na ambata ba su ƙunshi matan yankinmu da yawa ba, mu ne ya kamata mu tara namu bayanin. Sannan muna roƙon kada a bar ruwan morphine na sha, maganin raɗaɗi mai tsanani, ya yanke a manyan asibitoci, tare da zoledronic acid ga waɗanda ciwon ya shiga ƙashinsu, domin ko wadda magani ya daina yi wa aiki tana da haƙƙin ta kwana ba ta ihu.

Iyalan da suka wakilta ni a shirye suke su zo Dutse da takardunsu idan ka ba su rana, ni ma zan zo tare da su. Muna fatan a sanya waɗannan bukatu cikin kasafin kuɗin lafiya na shekara mai zuwa, a kuma ba mu amsa a rubuce.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.

'Yar'uwarku mai harhaɗa magunguna,
a madadin iyalan masu jinya,
daga ƙasar Hadejia, Jihar Jigawa.